Wa Ke Cikin Takalman Auta?

Ranar da likitar gashin ƙashi ta ce da Mai Hoto, "To, daga yau ka sa duk takalmin da ranka yake so," sai da ya sa ta maimaita. Ta maimaita tana dariya, tana naɗe igiyar robar da ta yi wata da watanni tana wahalar da shi da ita. Shi kam bai yi dariya ba. Hankalinsa ya riga ya kai ƙarƙashin gadonsa, inda wasu takalma sau-ciki masu ruwan ƙasa suke kwance cikin kwali tun ranar da aka kwantar da shi a asibiti.

Kada ku ɗauka wasu takalman a-zo-a-gani ne. Fatarsu ta sha mai har ta yi duhu, igiyarsu kuwa an canza ta ba a san iyaka ba. Abin da ya raba su da na kowa yana ƙasa. Da gajeriyar ƙafar hagu aka haifi Mai Hoto, tafin ma ya ɗan karkace ciki, saboda haka mai gyaran takalmin bakin layinsu ya ɗora wa na hagun tudu mai kaurin yankan burodi biyu a haɗe, ya kuma buga wa dunduniyar na daman ƙarfe, don ita ce take saurin cinyewa. Tudun bai hana ɗingishi ba, ragewa dai ya yi. In Mai Hoto yana tafe a kan siminti, dama ta ce ƙwas, hagu ta ce dum, ko a banɗaki kake ka san wanda ya shigo gida.

Haka ya yi ta fama har ya haura hamsin, sannan bayansa ya ce shi fa ya gaji. Sunkuyawa bayan kyamara ta gagara, tsayuwar ɗaukar hoton 'yan makaranta ta gagara, har ta kai sai matarsa ta ɗaura masa igiyar takalmi da safe ta kwance masa da yamma. Likitoci suka duba suka ce ba bayan ne mai laifi ba, ƙafar ce. Suka yi masa aiki a tafin, suka yanka ƙashin ƙwaurin suka kafa masa wasu ƙarafa masu noti, kullum ana ɗan murzawa, ƙashin yana ɗan ƙara tsawo. Ya sha azaba, wallahi ya sha. Amma ranar da aka cire ƙarafan aka tsayar da shi gaban madubi, ya ga kafaɗunsa biyu a daidai, abin da bai taɓa gani ba tun da ya zo duniya. Ya daɗe yana kallo, bai san ko murna yake yi ko tsoro yake ji ba.

To, uwarsa ita ce matsalar. Inna tana zaune ne wurin Yaya, babbar 'yarta, a saman wani tsohon bene, a ɗakin da ke ƙarshen wani dogon baranda. Idonta ya daɗe da tafiya, daga baya tunanin ma ya fara bin sa. Murya ba ta tsaya mata. Yau ta gane Yaya sarai, gobe ta ɗauke ta ƙanwarta da ta rasu tun suna 'yan mata, jibi ta tambaye ta ko ita ce sabuwar maƙwabciya. Abu ɗaya ne bai taɓa ɓace mata ba. Kullum da yamma in Mai Hoto ya rufe shago ya hau benen nan, tun yana farkon baranda za ka jiyo ta daga ciki tana cewa, "Ga Auta nan, a ɗora ruwan shayi."

Da za a yi aikin, Yaya ce ta kawo shawarar a ɓoye mata. Yaya irin matan nan ce da in suka yanke magana sai dai ka ce to. "Ku je ku ce mata za a sassare ƙafar autanta, ku ga in za ta kwana," in ji ta. "Cewa za mu yi ya yi tafiya, an ɗauke shi aikin hoto a nesa." Kowa ya ce dabara ce. Abin haushi, Innar da take manta ko ta ci abincin rana, wannan ƙaryar kam ta riƙe ta gam.

Da aka sallame shi, ya zo gaishe ta da sanduna biyu da wasu takalman roba masu laushi da asibiti suka ba shi, waɗanda ko kyanwa ta fi su ƙara. Ya zauna a kujerar bakin gado ya ce, "Inna, ni ne. Na dawo."

"Kai wa?"

"Auta."

"Auta ya yi tafiya," ta ce, ta jawo mayafinta ta rufe kai. "Sannu da zuwa, bawan Allah. In famfon ka zo dubawa, yana ta can baya."

Yaya ta ga abin ya ƙi, ta zauna ta fayyace mata gaskiya tiryan-tiryan, tun daga ciwon baya har zuwa ƙarafan. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke, ƙafa ce ko roba, da za a ja ta ta ƙara tsawo? In za ki yi ƙarya ki riƙa jin kunyar baƙo."

Daga ranar Mai Hoto ya zama mai famfo. In ya je ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyalinsa, ta ba shi labarin ɗanta da ya tafi ɗaukar hoto a nesa, yaron kirki, sai dai wannan karon ya daɗe. Da zaginsa take yi da ya fi masa sauƙi. Ya riƙa fitowa daga ɗakin nan kansa a ɗaure, har wata rana ya tsaya a tsakiyar matakala ya rasa ko hawa yake yi ko sauka. Yaya ta yi ta ba shi baki. "Robar nan ce take ruɗa ta," ta ce. "Ka bari ka koma takalmanka, da ta ji ƙwas ɗin nan magana ta ƙare." Shi ma a kan haka ya kwanta, a kan haka ya jure duk wata murɗiyar da likitar gashin ƙashi ta yi masa.

Shi ya sa ranar da aka ba shi izini ko shago bai leƙa ba. Ya wuce gida, ya jawo kwalin, ya zauna a bakin gado ya goge takalman nan har suka ɗau ido. Matarsa, wadda kowa yake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya zura dama, ta shiga sumul. Ya zura hagu, ta ɗan yi gardama, don tafin ya miƙe yanzu kuma takalmin ya saba da karkataccen, amma ta shiga. Ya ɗaura igiya da kansa, ya miƙe tsaye.

Sai ɗakin ya karkace.

Ku duba fa, mutum mai hankali, da matarsa mai hankali, da Yaya mai hankalin mutum uku, babu wanda ya tuna cewa tudun nan don gajeriyar ƙafa aka yi shi, ƙafar kuwa ta daina zama gajera. Yanzu hagun ce ta fi dama tsawo. Ya kai hannu ya dafa bango.

"Anya kuwa?" in ji Malama.

"Takalmana ne," ya ce. "Za su tuna ni."

Tafiyar da ya yi daga gidansa zuwa benen Yaya ba ta kwatantuwa. Hagun da ta saba laluben ƙasa sai ta riƙa cin karo da ita tun kafin ta shirya. Daman da ta saba ɗaukar nauyin gida sai ta riƙa faɗawa ramin da babu shi. Kafaɗa ta rasa gefen da za ta zube. Ga mutanen layi ba sa gani su yi shiru. Mai shagon kayan masarufi ya leƙo ya ce, "Ayya, ashe aikin bai yi ba?" Maƙwabcinsa mai wanki da guga ya ce, "Ya yi mana, ba ka ga ya koma ɗaya gefen ba?" Suka kaure da musu a kansa yana tsaye. Mai Hoto ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, na ɗan lokaci shi kansa ya rasa wadda aka yi wa aikin, sai da ya shafa ya ji tabon ta cikin wando.

Ya hau benen yana haki. Ya tsaya a farkon baranda ya daidaita numfashi, sannan ya taka. Ƙarfen ya ce ƙwas, tudun ya ce dum, yadda suka saba. Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana washe baki. Ya yi ta tahowa yana jiran a ce a ɗora ruwan shayi, har ya kusa ƙofa bai ji komai ba.

"Tsaya nan," in ji Inna daga ciki.

Ya tsaya.

"Ƙara takawa."

Ya taka.

"Takalman Auta ne," ta ce. Zuciyarsa ta yi tsalle, har ya kai hannu ga labule. "Amma ba Auta ne a ciki ba. Wane ne?"

"Inna, ni ne."

"Mai famfo?" Ta yunƙura ta tashi zaune, tana juya fuska wajen ƙofa. "Bawan Allah, a ina ka samo takalman ɗana?"

"Nawa ne, Inna."

"Naka? Ɗana ba ya taka ko'ina sai da su. Wa ya ba ka?" Yana kallon fuskarta ya ga lokacin da ta haɗa lissafinta, ya kuma ga inda lissafin ya kai ta. "Yaushe aka raba kayansa?"

Yaya ta yar da ludayi ta shigo da gudu tana, "Haba Inna, haba Inna!" Ina, bakin alƙalami ya bushe. Tsohuwar nan ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. "Ya mutu kun ɓoye min! Tafiya, tafiya, ashe tafiyar ke nan! Ko ku bari in shafa takalmansa, kun ɗauka kun ba mai famfo!" Mai Hoto yana tsaye a karkace a tsakiyar ɗaki, ana kukan mutuwarsa, ya rasa ko ya rarrashe ta ko ya taya ta. Ya ce, "Ga ni, Inna, ga ni da raina," ta ce a fitar mata da shi.

Daga nan ta juya fuska ga bango. Shayi ta ƙi, burodi ta ƙi, shinkafar da Yaya ta dafa mata luguf ta ture. Ruwa kawai take ɗan kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Washegari ma haka. Tsohuwa ce da ma ba wani jiki gare ta ba, kafin a ce me wuyan hannunta ya koma kamar na yaro. Yaya ta kira shi a waya tana faɗa tana kuka, tana cewa laifinsa ne da ya zo da takalman, ta manta wadda ta ce ya zo da su. Bai tuna mata ba. Tsoro ne ya cika shi, kada uwarsa ta tafi tana makokinsa alhali yana zaune a falon gidan.

Da safe ya naɗe takalman a leda ya kai wa mai gyaran takalmi. Mutumin ya juya su, ya ƙwanƙwasa tudun, ya dubi ƙafar Mai Hoto, ya ɓata rai kamar shi aka yi wa laifi. "Aikin da na yi shekara da shekaru ina lallaɓawa," ya ce, "sun zo sun ɓata min shi ko sallama babu. To yanzu me kake so, in sare tudun?"

"In ka sare babu dum."

"To in bar shi."

"In ka bar shi ina zubewa ta dama."

"To in ɗaga na daman ya fi na hagun, ka koma zubewa ta hagu."

"Ka ga ke nan tudu biyu."

"Biyu mana. Ɗaya na gaske, ɗaya na gyaran na gasken."

Suka yi ta jujjuya maganar, mai gyaran takalmi yana zane da ƙusa a kan benci, har suka kai inda ba wanda ya san hagun wa ake nufi, ta mai tafiya ko ta mai kallo. Mai Hoto ya kira likitar gashin ƙashi ya yi mata bayani. Ta tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ta ce in ya kuskura ya ɗora wa ƙashin da bai gama ƙwari ba irin wannan gini, kada ya sake nuna mata fuskarsa, tsohon tudun ma ya raba kansa da shi. Mai gyaran takalmi ya miƙo masa ledarsa. "To ka yi ɗingishin da kanka mana," ya ce. "Ai duk garin nan ba wanda ya kai ka iyawa."

Mai Hoto ya ga maganar ta hau. Sai da ya shiga shagonsa ya kulle ƙofa, ya ture fitilun ɗaukar hoto gefe, ya tsaya gaban dogon madubin da mutane suke gyara kwalliya kafin a ɗauke su, sannan ya gane bai iya ba. Bai taɓa yin ɗingishi ba, ɗingishin ne yake yin kansa. Bai ma taɓa ganin sa ba. Ga hotunan mutane cike da bango, ya san yadda kowa yake karkata kai da yadda kowa yake ɓoye tumbi, amma shi kullum yana bayan kyamara, in kuwa aka zo ɗaukar bidiyo a taro wuri yake samu ya zauna. Ya gwada zubewa ta hagu, ƙafar ta miƙe abinta yadda aka koya mata. Ya sake gwadawa, ya yi karo da kujera.

Da la'asar suka haɗu a falon Yaya, suka rufe ƙofa, suka tsaya a kan kafet don kada Inna ta ji. Malama ta taho kai tsaye daga makaranta, da alli a hannun rigarta, ta zauna a gefe da jaka a cinya.

"Wannan ai ba wuya," in ji Yaya. "Tashi ka gani." Ta ɗaure zani, ta jefa ƙugu gefe guda, ta watsa hannu, ta tafi tangal-tangal har bakin taga ta dawo.

Mai Hoto ya yi sororo. "Haka nake tafiya?"

"Har ya fi haka."

"Haba Yaya!"

"Wallahi. Tun muna yara nake yin sa in ba ka nan, kowa ya yi ta dariya."

"In ba na nan," ya ce. Abin ya soke shi, ya kuma ji kunyar cewa ya soke shi, mutum da furfurarsa. Yaya ta ce ba lokacin fushi ba ne, ya sa takalma ya biyo ta. Ya sa, ya bi bayanta.

"A'a, ta hagu za ka zube!"

"Ai ta hagun nake zubewa."

"Ba wannan hagun ba, ɗaya hagun! Ja ƙafar. Kai, ba jan buhu na ce ba. Saki kafaɗar. Wayyo Allah, yanzu kuma ka koma kamar mai jin fitsari!"

Ya yi ta kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa har gumi ya jiƙa masa riga, sabon ƙashin ya fara zugi. Ƙarshe ya zube a kujera ya riƙe kai. "Wata nawa ana koya wa ƙafar nan ta manta," ya ce, "yau kuma ina roƙonta ta tuna. Ni yanzu ban san abin da aka gyara ba, ban san abin da aka ɓata ba. In ba ni ne a cikin takalmana ba, to ina nake?"

Malama ta ajiye jakarta. Ta zo ta durƙusa gabansa ta fara kwance masa igiya, yadda ta riƙa yi lokacin ciwon baya. Ya ɗauka cewa take yi ya haƙura, bai hana ta ba. Ta zare takalman. Sai ya ga ta ciro hankici daga jaka ta cusa a bakin na dama, ta ɗauki tsumman goge tebur ta cusa a na hagu, ta tuɓe silifas ɗinta ta zura ƙafa.

"Ke kuma me ke nan?" in ji Yaya.

Malama ta sunkuya. Ta ɗaure igiya tamau, ta buɗe ƙofar falo ta fita baranda, ta koma can farko wajen matakala. Ta ɗan lanƙwasa gwiwar hagu, ta sauke kafaɗa kaɗan, kaɗan ƙwarai, ba irin na Yaya ba. Sannan ta taho.

Ƙwas. Sai wani ɗan shuu, bakin takalmin hagu yana shafar siminti. Sannan dum. Ba ta watsa hannu ba, hannun hagun ma manne yake da cinya, kai a miƙe, ido a gaba. Mai Hoto ya fito da safa ya tsaya a ƙofar falo, ta zo ta wuce shi ko kallonsa ba ta yi ba. Gashin jikinsa ya tashi. Bai taɓa ganin tafiyar nan ba, amma cinyarsa da bayansa sun san ta, har ya ji suna motsi da kansu. Tun da aka kawo matar nan gidansa ba ta taɓa furta kalmar ɗingishi ba, ko da wasa, ko cikin faɗa, har yakan ce a ransa ƙila ba ta lura sosai. Ashe ta haddace shi kaf.

Da ta kusa ƙofar Inna sai ta tsaya cak, ta ja numfashi, ta ɗaga kafaɗar hagu ta daidaita ta da ta dama, ta yi wasu 'yan gajerun taku biyu masu sauri.

"Wannan kuma fa?" ya tambayi Yaya da raɗa.

"Kai ne mana," Yaya ta ce, idonta ya ciko. "Haka kake yi a bakin kowace ƙofa, wai don ka shiga a miƙe. Na ma manta da shi."

Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta ce, "Auta?"

Malama ta waiwayo ta yafuto shi da hannu. Ya taho da safa, saɗaf-saɗaf, ya tsaya a bayanta. Ta ɗaga labule ta shiga, ƙwas, shuu, dum, har bakin gado, shi yana biye. Ya zauna a kujera. Ta zame ƙafafunta daga takalman a hankali, ta zare tsummokaran, ta durƙusa ta sa masa, ta ɗaure, ta ja da baya ta jingina da bango ba takalmi.

Inna ta juyo daga bango da ƙyar. Hannunta ya yi ta lalube a iska har ya sami gwiwarsa, ya gangara ta kan wando, ya kai ga takalmin hagu. Ta ƙwanƙwasa tudun da yatsa.

"Sai yau?" ta ce.

"Sai yau, Inna. Aikin ne ya yi yawa."

"Ko saƙo babu. Wani ya zo nan da takalmanka, na ce ka mutu."

Ya dubi Yaya a bakin ƙofa, Yaya ta zaro masa ido. "Aro na ba shi, Inna."

"Mai famfo ne. Mutumin kirki ne, yana zuwa gaishe ni da ba ka nan, ya fi ka zumunci. Amma ka daina ba da aron takalmi, ba kowa ya iya su ba. Ka ji yadda yake taka su kuwa? Abin tausayi."

"Na daina."

"Miƙo ta nan."

Ya ɗaga ƙafar hagun ya ɗora a gefen katifa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa don kada tsawon ya tona masa asiri. Ta kama ƙwaurin da hannu biyu ta fara matsawa a hankali, daga gwiwa zuwa idon sawu, daidai kan tabon ƙarafan, wando ne kawai a tsakani. Hannun ba ƙarfi, da ƙyar yake jin sa.

"Ta dame ka a can?"

"A'a, Inna. Da sauƙi."

"Kullum haka kake cewa." Ta ci gaba da matsawa. "Ni dai ban fasa roƙa maka ba, tun kana zanin goyo. Allah ya miƙar maka da ita, ko bayan raina ne, ka taka ƙasa daidai kamar kowa."

Maganar ta zo masa har baki. Ga ƙafar a hannunta, a miƙe sambal, abin da ta roƙa ya riga ya samu, kalma biyu ce kawai zai faɗa. Ya dubi Yaya, Yaya ta girgiza kai tana toshe baki da gefen mayafi. Ya dubi Malama, Malama tana kallon yatsun ƙafarta. Ya dubi siririn wuyan hannun da ke riƙe da shi.

"Amin, Inna," ya ce.

"To tashi ka kawo min shayin da kanka, da burodi, yunwa nake ji. Waɗannan ba su iya haɗawa ba. Kuma ka bi a hankali, ina so in ji ka har ƙarshen baranda."

Mai Hoto ya sauke ƙafarsa. Ya sunkuya ya kwance igiyar dama, ya kwance ta hagu, ya zare takalman da ya yi wata da watanni yana marmarin sawa, ya tura wa matarsa su a hankali don kada ƙarfen ya yi ƙara. Ta mayar da tsummokaran, ta zura ƙafa, ta ɗaure. Suka fita baranda, ita a gaba tana ɗingishinsa, shi a baya da safa a kan siminti mai sanyi, yana takawa daidai, ba a jin motsinsa.